Ɗanyar Kazar Osaka da Shirun da Na Yi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ba Ya saukar da cuta sai da maganinta. Ni ce Hajiya Mariyama, mutuniyar Damagaram, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Ɗiyata Zuwaira ce ke rubuta wannan a gidanta na Rillieux, kusa da Lyon, ina faɗa tana sa wa a takarda, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Duk mai ɗa ko miji da ke yawon duniya, ta buɗe kunne.

Jegon Zuwaira ne ya kawo ni Faransa. Da aka yi arba'in, sai aka sa ni a jirgin ƙasa zuwa Paris, domin ɗana na fari zai dawo daga Japan. Yana zaune a Saint-Denis, hawa na shida, da matarsa Hadiza da ɗiyarsu Nana. Kayan gyaran mota yake sarowa yana aikawa Maraɗi da Damagaram, kuma wannan ne karo na farko da ya je wurin masu kayan da ƙafarsa. Kun san al'adarmu a kan ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta ce masa ina ke maka ciwo. Shekara arba'in da huɗu sunansa bai fita bakina ba. Yana ƙarami ina ce masa "kai yaro", da ya haihu ya koma Baban Nana. Ku riƙe wannan, don a nan gizo ke saƙa.

Ranar Lahadi ya iso, gida ya cika da ƴan sannu da zuwa. Tsarabarsa har da wani koren shayi, gari ne kamar kuka, mai ɗaci, da wata alewar shinkafa mai danƙo wadda ta kusa tafiya da haƙorin ƙanena Alhaji Isufu, ɗan kasuwa a Bobigny. Bayan la'asar Baban Nana ya haɗa wayarsa da tele yana nuna wa mutane hotuna. Ni ina gefe a kan darduma da carbina, kamar ba na kallo.

Na ga wata mararraba a Tokiyo, mutane suna ƙetare titi daga kowane ɓangare kamar an tone gidan tururuwa, ba mai ture wani. Na ga jajayen ƙofofi na itace jere a bayan juna suna hawa dutse, ba a ganin ƙarshensu. Na ga wani gari inda barewa ke yawo cikin mutane, in ka miƙa mata abinci sai ta sunkuyar da kai.

"Barewa na rusuna wa mutum?" in ji Alhaji Isufu. "To wallahi ta fi ƴaƴan unguwar nan ladabi. Ka taho mana da biyu su koya musu."

Aka yi ta dariya. Sai ga hoton walimar da mai masaukinsa ya yi masa a Osaka kwana ɗaya kafin ya taso. Suna zaune a ƙasa, ba takalmi, kamar mu. Ya nuna wata miya a ɗan akushi, ya ce ƙamshinta sak na daddawa. Alhaji ya nuna wasu ƙananan kofuna.

"Wannan fa, ɗana? Zamzam ne?"

"Giyar shinkafa ce, Kawu. Ban taɓa ba. Shayi na sha."

Hoton da ya biyo baya bai yi ƙiftawar ido a kan tele ba ya ture shi da yatsa. Alhaji ya ce ya mayar baya. Faranti ne baƙi, an jera nama yanka-yanka sirara, gefensu kamar wuta ta ɗan lasa, tsakiyarsu kuwa jajur da sheƙi.

"Kifi ne," in ji Baban Nana. "Ɗanye suke cinsa."

Mutane suka yi ta tofar da yawu suna a'uzubillahi, aka wuce. Ni kuwa tun ban kai tsawon taɓarya ba nake fige kaji ina fiɗe su. Ƙirjin kaza ne. Ga farar jijiyar nan da ke ratsa tsoka, ga ƙundu an yanka shi gefe guda. Na dubi fuskarsa, bai dube ni ba. Na ja carbina na yi shiru.

Ranar Talata zawo ya kama shi. Bai faɗa wa kowa ba, amma ɗakin da aka sauke ni bango ɗaya ne da bayan gida, kuma ina jin ƙarar buta. Tsakanin azahar da la'asar kaɗai na ƙirga sau biyar. Yana fitowa yana dafa bango, gumi a goshi alhali ana sanyi. Hadiza aiki take a gidan kula da tsofaffi, tun asuba take fita, da ta dawo ta ga ya yi laushi ya ce mata canjin ruwa ne kawai. Na dafa ruwan shinkafa da ɗan gishiri na ce mata, "Kai wa mijinki." Iyakar abin da na yi ke nan. Bayan kwana biyar zawon ya tsaya, muka ce alhamdu lillahi.

Mako na biyu ya koma cin tuwo, ya koma kiran waya da ihu kamar yadda ƴan kasuwa ke yi. Kowa ya saki jiki, ban da ni. Na ga in ya zauna sai ya yi ta goga tafin ƙafarsa a kan kafet. Na ji yana ce wa Hadiza kamar kiyashi na yawo a yatsunsa. Wata rana muna saukowa za mu kasuwa, silifas ɗinsa na hagu ya zame ya tsaya a kan matakala, shi kuwa ya yi taku uku bai sani ba. Na tsaya a kan takalmin ina kallonsa. Mutum mai lafiya yana sanin ƙafarsa ta taɓa sanyin siminti.

Mako na uku asansar ɗin gidan, na'urar nan da ke hawa bene da mutane, ta lalace, kamar yadda ta saba. Da can hawa shidan nan yana waya yake haye su. Yanzu a kowane hawa sai ya zauna. Ranar Juma'a da asuba yana jan mu salla a falo, muka yi sujada, na ji ya ce Allahu akbar, muka ɗago. Shi bai ɗago ba. Yana ta dafa ƙasa da hannu, gwiwoyin sun ƙi amsa masa. A zaune ya ƙarasa sallar. Da ya sallame ya yi ƴar dariya ya ce ƙafa ce ta yi masa barci, amma ba wanda ya taya shi dariyar.

Hadiza ba ta sami wadda za ta canje ta a wurin aiki ba, don haka ni da Alhaji Isufu muka kai shi asibiti, ɓangaren gaggawa da suke ce wa ijans. Tun hantsi muke kan kujerun ƙarfe har rana ta yi ja. Ga mai jini a goshi, ga tsohuwa tana kiran wani da ba ya nan, ga maye yana zagin bango. Ba wanda ya ce mana ko sannu. Da aka kira shi na bi su ciki, kuma wannan shi ne kuskurena na biyu, bayan shirun da na yi a kan farantin.

Lokotoron yaro ne, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya danna masa baya, ya sa shi ya taka ya dawo, sannan ya fara tambaya. Na taɓa Alhaji na ce ya riƙa faɗa mini abin da ake cewa.

"Yana tambaya ko ya yi zawo ko zazzaɓi cikin makonnin nan, Yaya. Ko ya ci wani abin da bai saba ba a tafiyarsa."

Baban Nana ya dube ni. Ya dubi kawunsa. Ya ce, "Non."

Ba na jin Faransanci, amma wannan kalmar ko akuyar Damagaram ta san ta. Magana ta taso mini har maƙogwaro. Sai na ce a raina, ni zan ƙaryata ɗan fari a gaban kawunsa da baƙon Bature? Ni zan ambaci bayan gidansa? Na haɗiye. Lokotoro ya ce wataƙila doguwar zama a jirgin sama ce ta danne masa jijiyar baya, ya rubuta maganin ciwon jiki, ya ce in ya ƙaru mu dawo.

Daga nan masu shawara suka buɗe baki. Alhaji Isufu ya ce sammu ne, tunda duk kasuwa ta ji ya samo hanyar Japan. Ƙanwata ta aiko da saƙon murya ta waya daga gida ta ce jajayen ƙofofin nan da ya bi ta cikinsu na masu bautar gumaka ne, iskokin wurin ne suka biyo shi, a yi masa hayaƙi. Muka yi, sai wata na'ura a rufin ɗaki ta kama kururuwa har maƙwabta suka fito. Wani Bakano da ke hawa na biyu ya ce basir ne, shi duk ciwon duniya basir ne a wurinsa. Ban raina addu'ar kowa ba, kuma Alhaji ya rufe shagonsa kwana uku saboda mu, Allah Ya saka masa. Amma duk suna harbi cikin duhu, ni da na ga farantin ina zaune a tsakiyarsu bakina a rufe.

Ranar Litinin cokali ya faɗi daga hannunsa. Talata Hadiza ce ta ɓalla masa maɓallin riga. Laraba da safe na dama fura, Hadiza ta kai masa baki, ya kurɓa, sai ta fito masa ta hanci. Ya yi tari, tarin ba ƙarfi, kamar na jariri. Hadiza ba ta tambayi kowa ba ta kira pampiye, ƴan kwana-kwanan da ke ɗaukar marasa lafiya a ƙasar nan. Ƙarti huɗu suka ɗaure shi a kujera suka sauko da shi hawa shida, maƙwabta suna leƙe ta ƙofa.

Wannan karon ba mu yi layi ba. Wata lokotoro ce mace, mai furfura, gajera. Ta buga masa ƴar guduma a gwiwa, ƙafar ba ta motsa ba. Ta ba shi wani bututu ya hura, ta dubi abin da ya nuna, fuskarta ta canja. Sai ta yi tambayar nan dai ta ranar Juma'a. Na gane ta tun kafin a fassara, don ta nuna cikinta da hannu. Na ga ya juyo da idanunsa wajena.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Hadiza, faɗa mata ya yi zawo kwana biyar. Ranar Lahadi ya iso, Talata ya fara. Faɗa mata ɗanyar kaza ya ci a can."

"Inna, kifi ne fa ya ce."

"Ina fiɗe kaji tun ba a haifi uwarki ba. Faɗa mata abin da na ce."

Lokotoron ta daina rubutu. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, ni da ba wanda ya taɓa tambayata komai a asibitin nan. Ta tambayi ranar da ƙafa ta fara, na ba ta labarin silifas. Ta tambayi ranar da hannu ya fara, na ce Litinin. Shi kuwa ya rufe ido, hawaye na gangarowa cikin kunnensa, ba hannun sharewa.

Suka soka masa allura a gadon baya suka ɗebi ruwa. Daga baya ta yi mana bayani, Hadiza na juya mini. Ta ce ƙwayar cutar da ke cikin ɗanyar kaza ta daɗe da fita. Amma dakarun jikinsa da suka tashi yaƙarta ba su koma gida ba, sun juya kan jijiyoyinsa suna ci. Ba kowa abin ke samu ba, shi ya same shi. Ciwon yana da suna mai tsawo, ban riƙe ba. Abin da na riƙe kalma biyu ce da ta faɗa tana jan hannunta daga ƙafarsa zuwa ƙirji: "Sa mont." Wato tana hawa. In ta kai ga numfashi, sai na'ura.

Na sa aka tambaye ta, da na yi magana ranar Juma'a fa? Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce ba wanda zai iya rantsewa, amma da ba a sallame shi ba, kuma da an fara magani kwana biyar kafin yau. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa ranar na ji nauyin tawa.

Aka kai shi ɗakin masu tsanani, reya suke ce masa. Kwana biyar ana ɗura masa wani ruwa ta jijiya. Kullum da safe a zo a taɓa shi a ce ya motsa nan, ya motsa can, kullum abin da ke motsi yana raguwa. In na shigo ba na tambaya, bakin ma'aikatan nake kallo, kuma kalma biyun nan nake gani. Ƙugu. Ciki. Kafaɗa. Mutum biyu kaɗai ake bari su shiga, na ɗan lokaci, sai ka wanke hannu ka sa riga ta leda kamar mai shiga rijiya. Mai gadin ƙofa ya hana ni shiga da kunun da na dama, ya yi mini magana kamar yana korar kaza, ban yafe masa wannan ba har yau. Amma akwai wata ma'aikaciya baƙar fata, ƙatuwa, mai juya shi duk bayan ɗan lokaci don kada bayansa ya yi gyambo, tana shafa masa mai tana yi masa waƙa da yarensu. Ko ni da na haife shi ban taɓa jikinsa haka ba. Allah Ya ba ta abin da take nema.

Ran da za su sa masa bututu a maƙogwaro, ya yi mini alama da ido in matso. Muryar kamar ana jan tsumma a ƙasa.

"Inna, sau uku na ƙi giyarsu. Mai masaukina dattijo ne. Da hannu biyu ya miƙo mini farantin, kowa na kallo. Na ji kunyar in sake ƙi." Ya tsaya neman iska. "Ba yankan Musulmi ba ce. Shi ya sa ban faɗa ba. Ki yafe mini."

Ni ce na koya masa baƙo ba ya mayar da ƙwaryar mai gida. Da bulala na koya masa. Amma abin da ya fito bakina shi ne, "Allah ke yafewa. Adana numfashinka." Suka fitar da mu, kuma wannan ce maganar ƙarshe da ya ji daga gare ni kafin na'ura ta karɓi ƙirjinsa.

Kwana goma sha tara na'ura na numfashi a madadinsa. Ciwon ya kai har fuska, idanunsa ba sa rufuwa da kansu, sai an liƙa musu wani abu. Zuwaira ta taso daga Lyon da jaririnta a goye. Hadiza ta rame har zanenta na zamewa. Ni kullum ina kujerar gefen gado ina jan carbi, ba na cewa komai, don ban san yadda ake magana da shi ba.

Wata rana da hantsi ƙatuwar ma'aikaciyar nan ta tsaya a kaina ta yi magana mai tsawo. Zuwaira ta sunkuyar da kai.

"Me ta ce?"

"Ta ce yana ji, Inna. Komai yana ji, motsi ne ba ya iyawa. Ta ce kowa na kiran sunansa ban da ke, ko kin yi fushi da shi ne."

"Faɗa mata ɗan fari ne."

"Inna, ba za ta gane ba."

Na dubi gadon. Kunya ta sa ya ci, kunya ta sa ya ɓoye, kunya ta sa na rufe baki, ga inda ta kawo mu. Na ce wa Zuwaira ta fita. Na kama hannunsa, sanyi ƙalau, ba nauyin rai a ciki. Na ce, "Lawali." Na sake cewa, "Lawali, ni ce. Na yafe maka. Kai ma ka yafe mini." Ba abin da ya motsa, sai na'ura da ke ta hurawa tana saki.

Ba zan ce muku maganata ce ta warkar da shi ba, maganin lokotoro ne da ikon Allah. Bayan kwana huɗu fatar idonsa ta rufu da kanta. Sannan kafaɗa ta ɗaga. Yadda ciwon ya hau daga ƙasa, haka ya sauka daga sama, sai dai hawan kwanaki ne, saukar watanni. Da aka cire bututun aka kawo shi wani gidan koyon tafiya kusa da Lyon, don Hadiza dole ta koma aiki, ni da Zuwaira muka karɓi jinya. Na ga mutum mai shekara arba'in da huɗu ana tafa masa don ya kai cokali bakinsa. Wata uku ya yi a can. Yau yana tafiya da sanda, ƙafar hagu tana jan ƙasa, a kujera yake salla, kuma ba wanda ya yi mana alkawarin za ta dawo daidai.

Ban ce kada ku je Japan ba. Shi kansa ya ce bai taɓa ganin mutane masu tsabta da girmama baƙo irinsu ba. Ku je ku ga ƙofofinsu da barewarsu, ku sha ɗacin shayinsu. Amma abin da aka miƙo muku ku tambaya mene ne, in nama ne ku duba tsakiyarsa, kuma mai masauki ba zai mutu ba don kun ce a'a sau huɗu. In kun dawo ciki ya ɓaci, daga baya ƙafa ta fara kiyashi, kada ku jira hayaƙi. Ku kuma iyaye irina, in lokotoro na tambayar ɗanku, ko dai ku fita ku ba shi wuri, ko ku buɗe baki.

Jiya aka kawo shi nan gidan Zuwaira cin abincin rana. Na dafa kaza tun safe har nama ya rabu da ƙashi da kansa. Ya ɗaga cinya, ta zube cikin miya.

"Inna, wannan kazar ai ta dahu har ta nemi gafara."

Ban yi dariya ba. Ya ɗan ci, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Lokacin da nake kwance can, na ji kamar wata murya ta kira sunana. Na ɗauka mafarki ne."

Zuwaira ta tsaya da ludayi a hannu. Hanya a buɗe take in ce mafarkin ne, a wuce wurin.

Na ce, "Ni ce. Ci abincinka kafin ya huce, Lawali."